Sassabe

Shekara goma sha ɗaya ina haɗiyar ƙwaya
bayan isha'i, da ruwan randa.
Dare ɗaya tak na tsallake,
daren da ruwa ya ci hanya na kwana a Gujungu.

Likita ya duba takarda, ya ɗago kai:
"Tabawa, cutar ta kwanta a jininki,
ko na'ura ba ta ganin ta."
Na dawo gida na soya gyaɗa kwano shida,
na matse mai har kafaɗata ta yi tsami.
Na ɗauka na gama biyan bashi.

Ashe bangon da ya taɓa tsagewa,
ko an yaɓe shi,
ƙadangare bai manta wurin ba.

Mu bakwai ne a bencin karɓar magani,
ƙarƙashin dalbejiyar asibiti.
Ba ma kiran sunan abin da ya tara mu.
Mu yi hirar kuɗin riɗi, mu yi ta haihuwar akuya,
Ladidi ta kwance bakin zane ta raba mana goruba,
ta yi dariyar nan tata mai ta da tantabaru.

Ita ta fara ganin jini ba a kwanakinsa ba.
Ta wanke tsumma cikin dare, ta shanya a ɗaka.
Wata tara tana shan sassaƙe.
Da na matsa mata sai ta ce,
"Kunya ɗaya na iya ɗauka, Tabawa,
ina zan aza ta biyu?"

Ranar da aka kai ta Kano,
a motar da ke ɗaukar buhuna,
an ce ciwon daji ne a bakin mahaifa,
an ce ya yi nisa.
Tunkiyarta ta tafi.
Gonar Haladu ta fadama ta shiga jingina.
Ita kuma ta tafi ana yankan gero,
da sauran ƙwaya goma sha huɗu a kwalbarta.
Na ƙirga. Ba ta taɓa tsallakewa ba.

Wata na zagayowa, Sista Uwale ta tsaya a gabanmu,
ba ta miƙa wa kowa magani ba.
"Sai kun bi ta bayan labulen can,
ɗaya bayan ɗaya.
Jikinku ya yi yaƙi, ƙofarsa ta yi sanyi,
gara mu leƙa tun baƙo bai shimfiɗa tabarma ba."

Na hau gadon ƙarfe ina kallon silin,
ina ƙirga gidajen zanzaro.
Auduga, ruwan tsami, shiru.
Shirun ya fi minti.
Ta ce akwai farin tabo, bai kai ƙwayar wake ba.

A Kano suka gutsura, suka auna,
na jira mako uku abinci kamar ƙasa.
Likitar, yarinya ce, sa'ar 'yata,
ta ce, "Baba, daji ne,
amma bai yi duhu ba. Zai sassabu."

Suka cire ɗakin da na raini 'ya'ya huɗu.
Na farka da zare a mara
da ƙishin da ban taɓa ji ba.

Ban ce na warke ba.
Duk wata shida nake komawa a leƙa,
kamar mai gona a bakin kurmi
da ya san saiwa ba ta barci.
Kuɗin mota daga ƙuli yake fita.

Yanzu mu shida ne a benci.
In sabuwa ta zo tana sunkuyar da kai,
nakan kama bakin mayafinta
in ja ta har labule.
Wata ta zage ni. Ta dai shiga.

Jiya Hajjo, autar Ladidi,
ta zo sayen ƙuli na hamsin.
Ni na riƙe hannunta ranar allurar rigakafi,
ta cije leɓe, ba ta yi kuka ba.
Na zuba mata, na ƙara gyara,
na sake ƙarawa.
Ta ce, "Inna, ya yi yawa."
Ta yi dariya.
Tantabarun kan zaure suka tashi.